Darma da Karma: Kalmomin da Addinin Hindu Ya Tsaya a Kansu

Addinin Hindu shi ne na uku a duniya wajen yawan mabiya, bayan Kiristanci da Musulunci. Mabiyansa sun kai kimanin biliyan 1.2, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari suna Indiya, inda ƙidayar 2011 ta nuna su ne kashi 79.8 na jama'ar ƙasar. Su ne masu rinjaye a Nepal da tsibirin Bali na Indunusiya. A Afirka ma akwai su: jikokin leburorin rake da Turawan Ingila suka fara kaiwa Durban a 1860, da kuma 'yan Gana baƙar fata da suka kafa gidan ibadarsu a Accra a 1975. Sunan Hindu kuwa asalinsa sunan kogi ne. Mutanen ƙasar suna ce wa kogin Sindu, Farisawa suka furta shi Hindu suka kira mutanen ƙetarensa da shi, Larabawa suka ce al-Hind. Mabiyan da yawa sun fi son su ce sanatana darma, wato tafarkin da ba shi da farko. Ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafi guda da ya ɗaure kowa, ba shi da kalmar shahada da ake shiga da ita.

Ƙasar Hausa ta san wannan addini ne ta majigi. Tun ƙarshen shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima a Kano suka fara kawo finafinan Indiya, jama'a suka rungume su. Yau a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, matashi yakan miƙa wayarsa a rumfar caji a tura masa fassarar Indiya-Hausa ya je ya kalla da abokai. Akwai kuma malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya da suka koyar a makarantun sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980, da fatake irin gidan Chellaram da suka fara kasuwanci a Najeriya tun 1923. Duk da wannan doguwar cuɗanya, abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya fahimta yawa. An ga ɗigon ja a goshi, an ga ango da amarya suna zagaya wuta, an ga uwa tana kuka a gaban gunki. Mai fassara kuma sau da yawa yakan sa "Allah" a inda jarumi ya ce Bagwan, labari ya zo kusa da gida, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ya ɓuya. Shi ya sa taƙaitawar da aka saba ji, "masu bautar saniya", ta daɗe ba ta motsa ba.

Littattafansu na asali da harshen Sanskirit suke, kuma kashi biyu ne: shuruti, abin da aka ji, da simiriti, abin da aka tuna. Na farkon su ne Beda guda huɗu. Mafi tsufa, Rig Beda, yana da waƙoƙi 1,028, masana kuma suna ƙiyasta an tsara shi tsakanin shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ɗaruruwan shekaru ba a rubuta shi ba, daga baki zuwa baki ake ɗaukarsa, ɗalibi ya haddace shi a miƙe, ya haddace shi kalma-kalma, ya haddace shi gaba da baya don kada harafi ya sulluɓe. Wanda ya taɓa zama kusa da gardi yana tilawa a tsangaya ya san irin wahalar da ke cikin wannan. A ƙarshen Beda ne ake samun Upanishad, inda magana ta tashi daga yadda ake hadaya ta koma tambayar mene ne rai. Sai dai talaka bai rayu da Beda ba. Abin da ya raine shi su ne manyan labarai biyu na simiriti, Ramayana da Mahabarata, waɗanda kaka ke ba jikoki, ake wasansu a dandali, ake yin finafinansu.

Tambayar da Bahaushe ya fi yi ita ce: alloli nawa suke bauta wa? Malamin Musulunci na farko da ya zauna ya bincika wannan da gaske shi ne Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973. Ya koyi Sanskirit, ya zauna da malamansu, ya kammala littafinsa kan Indiya wajen 1030. Abin da ya ruwaito shi ne masu iliminsu suna cewa Ubangiji ɗaya ne, marar farko marar ƙarshe, gama-gari kuma su ne ke jingina da siffofi. Kalmar da malaman ke amfani da ita ita ce Barahman, haƙiƙa guda da komai ya fito daga gare ta kuma yake tsaye da ita. Kada a haɗa ta da Barahma, allan halitta mai fuska huɗu, ko Barahmin, ɗan gidan limanci. A wajensu alloli fuskoki ne na wannan haƙiƙa. Wasu suna fuskantar ta a matsayin Bishnu mai kiyaye duniya, wasu Shiba mai rushewa da sabuntawa, wasu Debi, uwa, da sunayenta irin su Durga da Lakshmi da Kali. Rama da Kirishna kuwa ana ɗaukarsu saukowar Bishnu ne cikin jikin mutum, abin da suke kira abatara. Wannan ɗayantaka ta sha bamban da tauhidin da Musulmi ya sani, domin tauhidi ya raba Mahalicci da halitta rabuwa ta har abada, alhali mazhabobin Hindu da dama suna ganin halitta a cikin Mahalicci take. Bambancin babba ne, kuma al-Biruni bai ɓoye shi ba. Ya dai ƙi ya yi wa mutane ƙarya a kan abin da suka ce da bakinsu, kuma wannan ɗabi'a tasa ta cancanci a gada.

Ibadar yau da kullum a gida ake yinta, ana ce mata puja. A lungun ɗaki akwai ɗan kanta da aka jera siffofin alloli, murti. Da sassafe uwar gida takan yi wanka, ta kunna 'yar fitilar ƙasa mai lagwani da man shanu, ta kunna turaren tsinke, ta ajiye furanni da 'ya'yan itace ko ɗan abin zaƙi, ta kaɗa ƙararrawa. Sai ta zagaya fitilar a gaban siffar, mutanen gida su ɗora tafin hannu a saman harshen wutar su shafa a fuska. Abincin da aka miƙa ya zama parasad, a raba kowa ya ɗanɗana. Zuwa babban ɗakin bauta kuwa darshan suke ce masa, ma'anarsa gani: mai ibada ya ga allansa, allan ya gan shi. Dalili ke nan da ake yi wa murti manyan idanu, kuma ba a ɗaukar dutse ya zama murti sai an yi bikin buɗe masa ido. Ko a cikinsu akwai masu ƙin siffofi gaba ɗaya, kamar ƙungiyar Arya Samaj da Dayananda Sarasbati ya kafa a 1875. Wutar da ake gani a bukukuwansu, Agni, manzo ce mai kai hadaya kuma mai shaida alkawari. Wannan bai mai da su Majusu ba, domin Majusu na ainihi su ne Farsi, 'yan tsirarun da kakanninsu suka yi hijira daga Iran, addininsu dabam ne.

Ginshiƙin aƙidar yana kan rai, atman. A wajensu rai ba a haife shi ba, ba ya mutuwa, jiki yake sauyawa. Wannan zagaye na haihuwa da mutuwa da sake haihuwa shi ne samsara, kuma al-Biruni ya ɗauke shi alamar da ta fi bambanta Hindu da sauran addinai. Masu kallo sun gan shi a Karz na 1980 da Karan Arjun na 1995, inda wanda aka kashe ya dawo ya ɗau fansa. A fim abin murna ne. A littattafansu kuwa samsara wahala ce, gajiya ce marar iyaka, abin da ake neman kuɓuta daga gare shi. Aljanna da wuta ma a wajensu zango ne: lada ya ƙare, ko zunubi ya ƙone, a dawo.

Abin da ke juya wannan zagaye shi ne karma, kalmar da ma'anarta ta asali aiki ce kawai. Kowane aiki, da niyyar da ke bayansa, yana barin iri da sai ya tsira. Sau da yawa ana fassara ta da ƙaddara, fassarar kuma ta karkace, domin ƙaddara hukuncin Allah ce da aka rubuta tun fil'azal, karma kuwa mutum ne ke rubuta wa kansa. Ta fi kusa da abin da Hausawa ke nufi in sun ce alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Sai dai kuikuyon nan mutuwa ba ta ɓatar masa da sawu, yakan bi mai shi har jiki na gaba. Akwai kuma wani abu da mai karatu zai yi mamakinsa: aikin alheri ma ɗauri ne. Wanda ya tara lada dole ya dawo ya ci ladan, dawowar kuma ita ce matsalar. Saboda haka tambayar da malamansu suka sha fama da ita ita ce yadda mutum zai yi aiki, tunda rai ba ya zama babu aiki, ba tare da aikin ya ɗaure shi ba.

Amsar tana cikin darma, kalmar da ta fi kowace nauyi. Tushenta riƙewa ne, abin da ke riƙe duniya kada ta watse. Hausa tana bukatar kalmomi da yawa kafin ta kewaye ta: addini, wajibi, haƙƙi, shari'a, al'ada, ɗabi'a. Darmar wuta ƙuna ce, darmar ruwa gangara. Mutum ma yana da tasa. Akwai wadda ta hau kan kowa, wato gaskiya, da tsarki, da kame kai, da barin sata, da ahimsa, ƙin cutar da mai rai. Akwai kuma wadda ta keɓanta da matsayin mutum, ta uba dabam, ta ɗa dabam, ta sarki dabam. Ramayana labarin wannan ne daga farko har ƙarshe. Sarki Dasharata ya taɓa yi wa matarsa Kaikeyi alkawari, ita kuma ta nemi a naɗa ɗanta Barata, a kori ɗan kishiyarta Rama zuwa daji shekara 14. Rama ya tafi ba gardama, don kada maganar ubansa ta faɗi ƙasa. Barata kuma ya ƙi hawa gadon, ya ɗora takalman wansa a kai ya yi riƙon ƙwarya har ya dawo. Bahaushe bai bukatar a yi masa sharhin kishi, ko biyayyar ɗa, ko kunyar ƙane.

Bagabad Gita, baiti 700 cikin babi 18 a tsakiyar Mahabarata, ta ɗauki lamarin a inda ya fi zafi. Jarumi Arjuna yana filin daga a Kurukshetra, ya duba rundunar abokan gaba ya ga baffanninsa da malamansa da 'yan'uwansa, gwiwarsa ta yi sanyi, ya yar da baka. Darmar zumunta ta ce kada ya harba, darmar mayaƙi ta ce ya harba. Kirishna, wanda ke jan masa keken doki, ya koya masa cewa abin da ke ɗaure mutum kwaɗayin sakamako ne, don haka ya yi wajibinsa ya saki abin da zai biyo baya. Koyarwa ce mai kaifi biyu. Gandi ya karanta ta a matsayin yaƙin mutum da zuciyarsa, ya gina gwagwarmayar lumana a kanta. Wanda ya harbe shi a 1948 ma da ita ya kafa hujja. Irin wannan tsaka-mai-wuya ce ta riƙe zukatan masu kallon Mother India na 1957, inda Rada ta harbe ɗan cikinta Birju don ya sace 'yar mutane. Haƙƙin gari ya rinjayi haƙƙin nono. Wanda ya shirya fim ɗin, Mehboob Khan, Musulmi ne, haka ma Nargis da ta fito a uwar, amma ƙashin bayan labarin darma ce.

A nan ne kuma tabon addinin yake. Tsofaffin littattafai sun kasa jama'a gida huɗu, barna: Barahmin masu ilimi da limanci, Kshatriya masu sarauta da yaƙi, Baishya 'yan kasuwa da manoma, Shudra masu hidima. A zahiri abin da ke aiki shi ne jati, dubban rukunonin gado da ke yanke wa mutum sana'a da wanda zai aura. Ƙasar Hausa ta san sana'ar gado, ta san maƙera da mahauta da wanzamai, ta san gidan da ke jan ƙafa in an zo neman aure daga wani gida. Amma mahauci da basarake sahu ɗaya suke tsayawa, akushi ɗaya suke sa hannu. A Indiya an ware mutanen da aka ce taɓa su ma ƙazanta ne, masu kwasar bayan gida da jima da ɗaukar mushe, aka hana su rijiya da makaranta da ɗakin bauta. Su ne Dalit, kuma ƙidayar 2011 ta sa rukunoninsu a kashi 16.6, kimanin mutum miliyan 200. Mafi muni, da karma aka kare wannan zalunci, aka ce abin da suka shuka a rayuwar baya suke girba. Daga cikin gida aka fara yi masa tawaye: Kabir masaƙi da Rabidas baduku sun yi waƙoƙin ibada da suka ce Ubangiji bai tambayar asali. Bhimrao Ambedkar, Dalit ɗin da ya jagoranci rubuta tsarin mulkin 1950, ya ga an haramta wariyar a sashe na 17, amma duk da haka a 1956 ya bar addinin ya koma na Buda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa a Nagpur. Doka ta sauya, ƙauye bai gama sauyawa ba.

Tsarin rayuwar mutum ɗaya kuwa an shimfiɗa shi da hikima. Burin rayuwa huɗu ne: darma, da arta wato dukiya da mulki, da kama wato jin daɗi da so, da moksha wato kuɓuta daga samsara. Neman kuɗi da soyayya halal ne muddin darma na riƙe da linzaminsu. Shekaru ma an kasa su huɗu, na ɗalibta, na magidanci, na ja da baya in an ga jika, da na yanke duniya gaba ɗaya. Kaɗan ne ke kai na ƙarshen, kuma magidanci aka fi yabo domin shi ke ciyar da sauran. Ana cewa da bashi uku ake haihuwar mutum: na alloli da ake biya da ibada, na malamai da ake biya da karatu, na kakanni da ake biya da haihuwa.

Aure ba ya ƙulluwa a mafi yawan al'adunsu sai ango da amarya sun taka taku bakwai a gaban wuta. Jan garin da ake sa wa a tsagar gashi, sindur, da sarƙar baƙaƙen duwatsu, mangalsutra, su ne shaidar mace na da miji. Fari kuwa tufar takaba ce, shi ya sa bazawarar fim ke sanye da shi. Dukiyar aure daga gidan amarya take fita, nauyin da ya sa wasu ke baƙin cikin haihuwar mace. An haramta ta a 1961 amma ba ta mutu ba. Ƙona mace tare da gawar mijinta, wanda dama ba kowa ke yi ba, an hana shi a 1829 bayan fafutukar Ram Mohan Roy.

Batun abinci daga ahimsa ya taso. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 44 na Hindun Indiya ba sa cin nama, sauran suna cin kaza da akuya da kifi, amma yawancinsu suna gudun naman shanu. Saniya uwa suke ce mata. Nononta ya raini yaro, manta ya kunna fitilar ibada, kashinta ya zama makamashi da taki, ɗanta ya ja garma. Mai kiwon da ke kai shanu kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san darajar nagge mai tatsa, ya san Bafulatani na kiran kowace da sunanta. Hindu ya kai wannan daraja har ga tsarki. Jihohin Indiya da yawa sun hana yanka ta, kuma a shekarun nan an kashe Musulmi da Dalit da sunan kare saniya, kamar yadda ya faru kusa da Dadri a 2015. Zubar da jinin mutum don ahimsa cin amanar kalmar ce.

Bukukuwa suna da yawa: Diwali na fitilu, Holi na watsa launi, Raksha Bandan da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu ya zama mai kare ta, da Kumba Mela da ke tara miliyoyi a Prayagraj duk shekara 12. Akwai wanda ya shafi manomin arewacin Jigawa kai tsaye. Riɗin da ake nomawa a ƙasar Gumel, wanda Indiya na cikin ƙasashen da ke sayen na Najeriya, tsaba ce mai tsarki a wajensu, tila. A tsakiyar Janairu, ranar Makar Sankaranti, ana dafa shi da mazarƙwaila a dunƙula kamar kantu a raba wa maƙwabta don a gyara zumunci. Shi ne kuma abincin matattu.

In mutum ya mutu akan yi masa wanka, a ɗauke shi a makarar gora zuwa bakin kogi, babban ɗansa ya kunna itacen. Tokar a zuba ta a ruwa, in da hali a kogin Ganga, kuma tsofaffi da yawa suna ƙaura zuwa birnin Baranasi su jira ajali, don imanin cewa mutuwa a can na yanke zagayen. Kwanakin da ke biye iyali suna miƙa curin shinkafa da ruwa da baƙin riɗi don ran mamacin ya isa ga kakanni, a maimaita duk shekara. Wannan ne ya sa rashin ɗa namiji yake da zafi haka a wajensu.

Moksha, kuɓuta daga samsara, ita ce ƙarshen buri, kuma hanyoyinta uku ne: ilimi, da aiki marar kwaɗayi, da bakti, ƙaunar Ubangiji, wadda ita ce hanyar mafi yawan jama'a. Yadda kuɓutar take kuwa, manyan malamansu ba su daidaita ba. Shankara, wajen ƙarni na 8, ya ce atman da Barahman abu ɗaya ne, rabuwar da ake gani ruɗi ce, maya, wanda ya gane haka ya kuɓuta tun yana raye. Ramanuja, a ƙarni na 11 zuwa 12, ya ce rai ɓangare ne na Ubangiji kamar yadda jiki yake ga mai shi, yana kusantarsa ba ya narkewa. Madba, a ƙarni na 13, ya ce Ubangiji dabam, bawa dabam, har abada. Dukansu da Upanishad da Gita suka kafa hujja, kuma gidajen karatun da suka bari a Shiringeri da Shirirangam da Udupi suna nan suna koyar da almajirai har yau.